Bayan An Ce Ya Warke: Abin da Maganin Kansar Maƙogwaro Ke Bari a Jiki

A watan Oktoba na 2011 likitocin asibitin Sírio-Libanês da ke birnin Sao Paulo suka gano ƙari a akwatin muryar Luiz Inácio Lula da Silva, wata goma bayan ya sauka daga mulkin Brazil. Mutum ne da ya daɗe yana shan taba, kuma murya ce jarinsa tun yana jagoran ƙungiyar ma'aikatan ƙarafa. Aka yi masa kemo sau uku, aka yi masa gashi sau 33, a watan Maris na 2012 aka shelanta cewa ƙarin ya ɓace. Shekara goma bayan nan ya fito yaƙin neman zaɓe, duk wanda ya saurare shi ya ji yadda muryar, wadda dama can mai kaushi ce, take dushewa tun jawabi bai yi nisa ba. A watan Nuwamba na 2022, makonni kaɗan da cin zaɓensa, aka shiga da shi ɗakin tiyata aka cire wani farin tabo a tantanin muryarsa. Bincike ya nuna ba kansa ba ce.

Wannan fa mutum ne da manyan likitocin ƙasarsa ke biye da shi, ko tari ya yi sai an leƙa maƙogwaronsa. To ina ga manomin da ya sayar da gona da shanun huɗa kafin ya kai kansa injin gashi a Shika ko Sakkwato ko Abuja, ko mutumin Maraɗi da Damagaram da sai ya dangana da Yamai, inda sai a 2021 aka buɗe cibiyar gashin kansa ta farko a Nijar? Shi ranar da aka ce masa ƙari ya tafi, ranar ce ta ƙarshe da wani zai dube shi da idon majinyaci. 'Yan uwa sun yi barka, an yi sadaka, masu zuwa dubiya sun ɗauke ƙafa. Idan aka ce masa ya jiki, ya ce da sauƙi. Amma ba ya iya haɗiye lomar tuwo sai da kofin ruwa, yana farkawa cikin dare harshensa ya manne da ganɗa, haƙoransa sun fara baƙi daga tushe, kuma ba wanda ya gaya masa cewa waɗannan duka abubuwa ne sanannu, masu suna a littattafan likitoci, waɗanda tun ranar farko aka san za su iya zuwa.

Gashin kansar maƙogwaro yakan ɗauki mako shida zuwa bakwai, kwana biyar a kowane mako. Hasken da ake harbawa ba ya tsayawa kan ƙari kaɗai, domin wuya wuri ne mai cunkoso. A ɗan wannan sarari akwai hanyar numfashi, hanyar abinci, maɓuɓɓugan yawu, ƙashin muƙamuƙi, manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, da tsokoki masu yawa da sai sun yi aiki tare kafin a haɗiye ko da yawu ne. Ƙunar fata da gyambon baki na lokacin gashi sukan warke cikin makonni. Abin da ke zama shi ne tabon ciki: nama ya yi tauri, ƙananan jijiyoyin jini su tsuke, kuma wannan taurin yana iya ci gaba da ƙaruwa shekaru bayan an kashe injin.

Yawu

Lafiyayyen mutum yana samar da yawu tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini, bai ma san yana yi ba. Mafi yawansa daga maɓuɓɓuga uku-uku yake fitowa a kowane ɓangare na fuska: manya a gaban kunne, waɗanda ke kumbura idan yaro ya kamu da hangum, sai na ƙarƙashin muƙamuƙi da na ƙarƙashin harshe. Waɗannan halittu ba su da juriyar gashi ko kaɗan. Tun a makon farko ko na biyu yawu ke fara kauri yana yauƙi, daga baya ya ƙafe. Wasu sukan samu ya ɗan dawo cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Wasu kuwa shi ke nan.

Irin injin da aka yi wa mutum gashi da shi yana da tasiri a nan. Akwai sabuwar dabara da ake lanƙwasa hasken da kwamfuta ya kauce wa maɓuɓɓugan gaban kunne. Wani gwaji da aka yi a Birtaniya mai suna PARSPORT, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2011, ya nuna cewa bayan shekara ɗaya kashi 74 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa gashin gargajiya suna fama da bushewar baki mai tsanani, alhali a cikin waɗanda aka yi wa da sabuwar dabarar kashi 38 ne. Sai dai majinyacinmu ba shi da zaɓin inji. Wanda ya tarar yana aiki a watan da kuɗinsa suka haɗu, shi ne nasa, kuma labarin lalacewar injinan gashi a asibitocin koyarwa na Najeriya ba baƙo ba ne ga mai karanta jarida.

Bushewar baki ba ƙishirwa ba ce, shi ya sa shan ruwa da yawa ba ya kawar da ita. Ruwa yana jiƙa baki na minti kaɗan ya wuce. Abin da ke taimakawa shi ne kurɓa kaɗan-kaɗan a kai a kai, da yawo da ƙaramar gora duk inda za a je, da ajiye wata a gefen shimfiɗa. Ana kurkure baki da ruwan da aka zuba wa ƙaramin cokali ɗaya na gishiri da ɗaya na bekin soda a lita guda, yana tsinka yauƙin yawu ya rage tsami. Cingam marar sukari yana zaburar da ɗan abin da ya rage na maɓuɓɓugan. Akwai magani mai suna pilocarpine da likita kan rubuta, amma sai in akwai sauran rai a maɓuɓɓugan yake aiki, yana sa zufa sosai, kuma bai dace da mai asma da ba ta lafa ba ko mai wani nau'in hawan jinin ido. Ruwan kurkure baki na kanti mai sinadarin barasa ƙara busar da baki yake yi.

Babban tarkon da mutane ke faɗawa shi ne alawa. Baki ya bushe, sai a jefa minti ko alawar madara a tsotsa, a bi da lemon kwalba ko zoɓo mai sukari, a ji daɗi na ɗan lokaci. Yawu shi ne ke wanke haƙori, ya kashe tsamin da ƙwayoyin cuta ke fitarwa, ya mayar wa haƙori sinadaran da suka zaizaye. Idan babu shi, sukari ya samu fili. Ruɓewar haƙorin bayan gashi tana da nata salon: tana farawa daga wuyan haƙori, daidai inda ya haɗu da dasashi, ta zagaye shi, wata rana a wayi gari ya karye ya bar tushe. Bakin da bai taɓa sanin ciwon haƙori ba yana iya lalacewa cikin shekara ɗaya ko biyu.

A nan ne haɗari mafi muni yake. Ƙashin muƙamuƙin da ya sha gashi jininsa ya ragu, ba ya warkewa kamar da. Idan aka cire haƙori a irin wannan ƙashi, ramin yana iya ƙin rufewa, ƙashin ya fito fili ya mutu, ya riƙa ruwa da wari da azabar ciwo, wani lokaci sai an yanke ɓangaren muƙamuƙin. Haɗarin ba ya ƙarewa da wucewar shekaru. Don haka ne ƙa'ida ta ce a ga likitan haƙori tun kafin a fara gashi, a cire duk wanda ba zai yi ƙarko ba, a bar wurin ya warke. Wanda wannan ya wuce shi, to ya riƙe abu ɗaya: kada ya yarda kowa ya cire masa haƙori, ko wanzami ko mai kemis ko ma likitan haƙori, sai ya faɗa masa cewa an taɓa yi masa gashi a wuya, an kuma tuntuɓi asibitin da suka yi. Buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid safe da dare, a tofar kada a kurkure da ruwa nan take, da zuwa duba haƙori ko ba ya ciwo, su ne kariyar. Mai son aswaki ya tauna shi ya yi laushi sosai, ya bi dasashi a hankali, amma aswaki ba zai tsaya a madadin fuloraid ba ga bakin da babu yawu. Idan kuma aka ga fari-fari ya shimfiɗu a harshe da kumatu ana jin raɗaɗi, fumfuna ce, tana da magani mai sauƙi a asibiti.

Loma da kurɓi

A wajenmu cin abinci ba sha'anin mutum ɗaya ba ne. Kwano ɗaya ake zagayewa, a ƙofar gida ko a zaure ko a wurin biki, kuma wanda ya janye hannu da wuri sai an tambaye shi ko lafiya. Wanda ya sha gashi a maƙogwaro yakan ɗauki kusan awa kan abin da wasu za su cinye cikin minti goma. Yana tari, yana kaki, wani lokaci ruwa ya biyo ta hanci. Sannu a hankali sai ya fara cewa ya ƙoshi, ya koma ci a ɗaki shi kaɗai, daga nan ya rage ci, rama ta biyo baya, mutane su fara raɗe-raɗin ciwon ya dawo.

Matsalar haɗiya iri biyu ce. Akwai tsukewar hanyar abinci, inda loma ke tsayawa a wuya. Wannan ana iya buɗa ta a asibiti da wasu robobi da ake zurawa, ko da yake sau da yawa sai an maimaita. Akwai kuma raunin tsokoki da mutuwar jin maƙogwaro, inda abinci ko ruwa ke zarcewa hanyar numfashi. Lafiyayye idan ya ƙware sai ya yi ta tari har abin ya fito. Wanda gashi ya kashe wa jin wurin yana iya ƙwarewa bai yi tari ko sau ɗaya ba, abin ya gangara huhu shiru. Alamarsa ita ce murya ta jiƙe tana gurgur bayan an sha ruwa, da zazzaɓi da ciwon ƙirji da ke tafiya suna dawowa. A garuruwanmu irin wannan zazzaɓin maleriya ko taifot za a ce, a yi ta allura, alhali ciwon huhu ne da ke tasowa daga kofin ruwa. Yana cikin abubuwan da ke kashe waɗanda suka tsira daga kansar, shekaru bayan an sallame su.

Abin mamaki, ruwa tsinkakke ya fi komai saurin ƙware mai wannan matsala, domin yana gangarawa kafin maƙogwaro ya rufe ƙofar numfashi. Abu mai ɗan kauri ya fi biyuwa. Ta wannan fuskar girkinmu ya yi mana rana. Miyar kuɓewa, kuka, karkashi da lalo suna da yauƙin da ke yi wa loma aikin da yawu ya daina yi. Tuwo mai laushi da aka tsoma sosai a miya, kunun gyaɗa, koko mai kauri, alale, faten dankali ko na wake da ya nuna luguf, dafaffen ƙwai da aka murƙushe, kifi marar ƙaya, duk suna wucewa. A ƙara man shanu ko man gyaɗa ko madara don ƙarfin jiki, a ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida maimakon a tara sau biyu. Kilishi, tsire, ƙuli-ƙuli, dambu, gurasa da busasshen burodi su ne abokan gaba. Yaji da kunun tsamiya da nono mai tsami sukan yi wa wasu raɗaɗi. A ci a zaune tsaf, ba a kishingiɗe ba, ba a magana da loma a baki, kada kuma a kwanta nan take.

Tsokar haɗiya idan aka bar ta ba aiki sai ta sandare. A cibiyar kansa ta MD Anderson da ke Houston a Amurka, Katherine Hutcheson da abokan aikinta sun bi bayanan majinyata kusan 500, suka wallafa a 2013 cewa a cikin waɗanda suka daure suka ci gaba da ci ta baki lokacin gashi tare da atisayen haɗiya, kashi 92 cikin ɗari sun koma cin abinci irin na kowa. A cikin waɗanda ba su yi ko ɗaya ba, kashi 65 ne. Atisayen ba su buƙatar na'ura: haɗiya da ƙarfi kamar ana tura abu mai tauri, haɗiyar yawu an ɗan riƙe kan harshe da haƙora, ɗaga kai daga kwance a dubi yatsun ƙafa ba tare da ɗaga kafaɗa ba. Sai dai ba kowanne ya dace da kowa ba, musamman wanda aka yi wa aiki a wuya, don haka ƙwararre ne ya kamata ya zaɓa. Ƙwararrun magana da haɗiya kuwa a Arewa sai an tona. Wannan giɓi ne da ya kamata asibitocin koyarwa su ji kunyarsa.

Ɗanɗano ma yakan tafi. Nama ya koma kamar ana tauna takarda, shayi ya yi ɗacin ƙarfe. Ga mafi yawan mutane yana dawowa cikin watanni zuwa shekara, ko da bai cika ba. Uwargidan da ta ga an ture girkinta kada ta ɗauka raini ne.

Sai batun azumi, wanda kusan kowane mai wannan lalura zai yi karo da shi. Wanda bakinsa ba ya iya minti talatin ba ruwa, ga rama, ga magungunan da ake sha kan lokaci, ba daidai yake da mai ƙishirwar bazara ba. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, ko ya rama daga baya ko ya ciyar idan lalurar mai ɗorewa ce. Wasu suna iya yi lafiya lau bayan shekara ɗaya ko biyu, wasu ba za su iya ba har abada. A tambayi likita a kan jiki, a tambayi malami a kan hukunci, sannan 'yan gida su daina kallon dattijon da ke kurɓar ruwa da rana a ɗakinsa kamar ya yi abin kunya.

Muƙamuƙi ma yana iya ƙagewa. Idan yatsu uku a jere ba sa shiga tsakanin haƙoran sama da na ƙasa, wato ƙasa da milimita 35 a ma'aunin likitoci, buɗin baki ya fara raguwa. Buɗe baki iya iyawa a riƙe, sau da yawa a yini, ko a jera 'yan katakon da likita ke danne harshe da su ana ƙara ɗaya-ɗaya, ya fi amfani tun abin bai yi nisa ba. Haka kumburin ƙarƙashin haɓa da ke fi yawa da safe, wanda ruwan jiki ne da ya rasa hanyar wucewa bayan an cire ko an gasa kaluluwar wuya, da sanƙarewar wuya, da kafaɗar da ta saki bayan tiyata. Masu fisiyo suna da tausa da motsa jiki na musamman don su. Kada a kai wa mai ɗori ko a gasa da ruwan zafi, fatar da ta sha gashi ba ta jin zafi yadda ya kamata, tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba.

Gajiyar da ba a san dalilinta ba

A gaban wuya akwai tayirod, halittar da idan ta kumbura ake kira maƙoƙo. Ita ke saita saurin aikin jiki. Gashi yakan raunana ta a hankali, bayan shekara ɗaya ko biyu ko biyar. Mutum ya ga kullum a gajiye yake, yana jin sanyi ana zafi, ciki ya ɗaure, fata ta bushe, ƙiba ta zo ba dalili, tunani ya yi nauyi. Sai a ce tsufa ne, ko damuwa, ko sammu. Ɗan wasan fim ɗin Amurka Stanley Tucci, wanda aka yi wa gashi da kemo saboda kansar gindin harshe har ya yi wata shida ana ciyar da shi ta roba, ya bayyana cewa shekaru bayan maganin ya riƙa jin gajiyar da ta fi ƙarfinsa a wurin aiki, da aka auna jininsa sai aka tarar tayirod ɗinsa ta daina aiki. Gwajin jini guda ɗaya mai suna TSH ke gano wannan, kuma ƙa'idar likitoci ita ce a yi shi duk wata shida zuwa shekara ga wanda aka gasa wa wuya. Maganin ƙwaya ɗaya ce kowace safiya. A cikin duk wahalhalun da ke biyo bayan gashi babu mai sauƙin gyara kamar wannan, babu kuma wadda aka fi mantawa da ita.

Kemon da aka fi haɗawa da gashi, cisplatin, yana taɓa ji. Yakan bar ƙara a kunne da rashin jin siririyar murya, yana kuma iya taɓa ƙoda da sa dindiris a yatsu. Cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna da sassan kunne, hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa suna gwajin ji. Manyan jijiyoyin jinin wuya su ma sukan tsuke bayan shekaru, abin da ke ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki, don haka hawan jini da ciwon sukari ba abin sakaci ba ne ga wannan mutum. Taba kuwa, ko sigari ko shisha ko ta gari, komawa gare ta bayan wannan wahala neman wata kansar ne a huhu ko hanyar abinci.

Wanda aka cire wa akwatin murya

Tun da likita Theodor Billroth ya fara cire akwatin muryar mai kansa a birnin Vienna a 1873, aikin ya ceci rayuka masu yawa, kuma a wurinmu ana yawan kaiwa gare shi saboda jinkiri. Dushewar murya ta wuce mako uku ya kamata a leƙa maƙogwaro, amma sai a shekara ana shan zuma da citta da kanumfari, sai numfashi ya fara gagara a tafi asibiti.

Bayan wannan aiki hanci da baki sun rabu da huhu har abada. Numfashi ta wata ƙofa yake a gindin wuya. Hanci shi ne ke tace iska, ya ɗumama ta, ya jiƙa ta, yanzu kuwa iska kai-tsaye take faɗawa huhu. A Turai ana manna wata 'yar matata a bakin ƙofar mai riƙe danshi da ɗumi, ana sauya ta kullum. A nan samunta wuya, tsada kuma ba a magana. Ga hunturu da ƙurarsa da bushewarsa, lokacin da majina ke daskarewa ta zama ɓawo a cikin bututun numfashi, har ta iya toshe shi. Abin da ke hannun talaka shi ne ƙyallen auduga mai tsabta da ake ɗaurawa a wuya ya rufe ƙofar, a riƙa ɗan yayyafa masa ruwa, a wanke a sauya kullum, da shaƙar tururin ruwan ɗumi ta wuyan, da yawan shan ruwa, da nesantar hayaƙin icce, turaren wuta da maganin sauro na hayaƙi. Rawani ko mayafi yana rufe ƙyallen ba wanda ya lura. Auduga mai gashi ko takardar goge hanci mai yagewa kada su kusanci wurin.

Ruwa abin tsoro ne. Iyo a kogi ko kududdufi ya ƙare, shiga kwalekwale ma sai da lura. Wurin wanka a zuba ruwa daga kafaɗa zuwa ƙasa, a sunkuya a wanke kai ana kare ƙofar da tafin hannu. A alwala ba zai iya shaƙa ruwa ba tunda iska ba ta bi ta hanci, kuma a mazhabar Malikiyya da aka fi bi a ƙasar Hausa kurkurar baki da shaƙa ruwa sunna ne, ba farilla ba. Sansana ma ta tafi, ba zai ji warin gas ko hayaƙi ko abincin da ya lalace ba, ko da yake likitoci a cibiyar kansa ta Amsterdam sun koyar da wata dabara ta yin hamma baki a rufe, wadda ke jawo iska ta hanci ta dawo wa mutane da yawa da jin ƙamshi. Abu mafi muhimmanci da kowa a gidan ya kamata ya sani: idan ya suma ko ya yi haɗari, hura masa iska a baki ko sa masa robar oksijin a hanci aikin banza ne. A wuya ake sawa. Ya riƙa yawo da kati a aljihu mai wannan bayani.

Magana tana da hanyoyi uku. Akwai koyon haɗiyar iska a dawo da ita kamar gyatsa a sarrafa ta ta zama kalmomi. Ba ta cin ko kwabo, amma tana cin watanni, kuma ba kowa ke ƙwarewa ba. Akwai 'yar na'ura mai batir da ake dannawa a wuya, tana ba da sauti baki ya mayar da shi magana. Muryarta ta inji ce, a miƙe take ba hawa ba sauka, Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti, don haka sai mai sauraro ya ƙara kasa kunne ya bi ma'ana daga zancen. Ta uku ita ce wadda Mark Singer da Eric Blom suka fito da ita a Amurka a 1980: a huda ƙaramar kafa tsakanin bututun numfashi da na abinci a sa ɗan bawul, mutum ya toshe ƙofar wuya da yatsa ya yi magana. Ita ta fi kama da muryar mutum, sai dai bawul ɗin yana lalacewa cikin watanni, daga waje ake shigo da shi, kuma idan ya fara yoyo ba wanda zai sauya shi a kusa, ya zama haɗari. Likita Itzhak Brook na jami'ar Georgetown, wanda shi kansa aka cire wa akwatin murya a 2008, ya ci gaba da koyarwa da gabatar da lacca da irin wannan murya, ya kuma rubuta littafin jagora ga masu wannan lalura da ake rabawa kyauta cikin harsuna da dama.

Kafin a kai ga ɗaya daga cikin ukun, akwai allo da alli, ko littafi da biro, da boko ko da ajami, da saƙon waya. Wanda bai iya rubutu ba shi ne a cikin kurkuku na gaske, kuma ya kamata tun kafin ranar tiyata iyali su zauna da shi su tsara alamun hannu na ruwa, ciwo, banɗaki, kira mini wane.

A al'ummar da gaisuwa kaɗai takan ci minti biyar, inda darajar dattijo take a bakinsa ranar ɗaurin aure da sulhu, rasa murya ba ƙaramin abu ba ne. Limami ya koma sahu, ɗan kasuwa ya bar wa yaro ciniki, malamin makaranta ya ajiye alli. Masu zuwa gaishe shi sai su riƙa ɗaga murya kamar kurma ne, ko su juya su tambayi matarsa, "Ya jikin nasa?" yana zaune yana kallonsu. Wani bincike da Nosayaba Osazuwa-Peters, masani ɗan asalin Najeriya, ya jagoranta a Amurka aka wallafa a 2018 ya gano cewa waɗanda suka yi kansar kai da wuya sun kusa ninka sauran masu kansa a yawan kashe kai. Mu a nan da "a yi haƙuri" muke rufe irin wannan magana. Haƙuri yana da muhallinsa, amma wanda ya daina fita, ya daina barci, ya daina kula da abin da da yake so, ciwon damuwa ne ke cinsa, kuma yana da magani. Babu abin da ke ɗaga irin wannan mutum kamar ya ga wani mai ƙofa a wuya ya shigo da ƙafarsa, ya zauna, ya yi masa magana. Sassan da ke yin wannan tiyata suna da lambobin tsofaffin majinyatansu. Haɗa su da sababbi ba ya buƙatar kasafin kuɗi.

Komawa asibiti

Tsarin da likitocin kansa ke bi shi ne a ga majinyaci duk wata ɗaya zuwa uku a shekarar farko, a riƙa tsawaita tazarar har shekara biyar, daga nan sau ɗaya a shekara. Idan ciwon zai dawo, ya fi dawowa a shekara biyu zuwa uku na farko. Kuɗin mota daga ƙauye zuwa Zariya ko Kano ko Sakkwato, bayan an riga an karye a kan magani, shi ke sa mutane da yawa ɓacewa bayan zuwa na biyu. Asusun tallafin masu kansa da gwamnatin tarayya ta kafa ya fara ne da kansar mama, ta bakin mahaifa da ta prostate ta maza, mai ciwon maƙogwaro bai samu shiga ba.

Wanda ba zai iya zuwa kowane lokaci ba, aƙalla ya san abin da ba a jira da shi: sabon ƙullutu a wuya, ciwon kunne na gefe ɗaya da ya ƙi tafiya, gyambon baki da ya wuce mako biyu zuwa uku, jini a kaki, haɗiya ko numfashi da ke ƙara wuya, murya da ta sake sauyawa, ƙashi da ya bayyana a dasashi, rama ba dalili. Kuma kafin ya bar asibitin da aka yi masa magani ya nemi a rubuta masa takarda guda: sunan ciwon da matakinsa, irin aikin da aka yi, inda aka gasa da yawan gashin, sunan kemon da aka ba shi. Ya yi mata hoto a waya, ya ba babban ɗansa kwafi. Likitan babban asibitin garinsu da zai gan shi bayan shekara shida da zazzaɓi ko ciwon haƙori ba shi da wata hanyar sanin abin da aka yi wa wuyan nan sai ita.